Shunin da ya fito a rijiyarmu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ni matashin mahauci ne a Agege, ina zaune da matata da 'yarmu a wani babban gidan haya. Da shaddar gidan ta cika, ni na jagoranci haƙa sabuwa, na zaɓi bayan rijiya don ƙasar wurin ta fi taushi. Wani dattijo mai fataucin fata ya ce mini kusancin ya yi yawa, na ce masa ai ƙasa tana tace komai.

Da damina ta kankama, amai da gudawa ya shigo mana. Mutum uku muka binne, har da 'yata mai shekara huɗu. Bayan an share makoki, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ɗaki guda ne cutar ta tsallake, na wata mata 'yar Kudancin Kaduna mai aikin shara a wani asibiti a Ogba. Aka fara raɗe-raɗin da hannunta a ciki. Ban gaskata ba, ban kuma kare ta ba, ni dai so nake in san dalili. Na yi ta lura da ita har na gane ba ta ba 'ya'yanta ruwa sai ta tafasa. Da na tambaye ta, ta ce tun farkon damina take jin warin rijiyar ya canza, ta faɗa wa matan gidan suka ce iyayi ne. Ta ce in ina shakka, in zuba shunin wanki a shadda in jira.

Na zuba mai yawa, na bi shi da ruwa. Kullum da safe in jefa guga in duba a farin kwano. Ran na huɗu ruwan ya fito shuɗi-shuɗi. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, sannan na tara mutanen gida na nuna musu, na ce laifina ne. Muka rufe rijiyar, muka nemi gafarar matar nan. Matata ba ta taɓa goranta mini ba.

Na yarda ajali na Allah ne, amma ni na haƙa ramin. Duk mai rijiya a gida ya tashi ya auna tazararta da shadda. In kuma an yi maka gyara, ka tsaya ka bincika kafin ka ba da amsa.