Na Ɗora Ɗanyen Gini Kan Ɗanye

Ni ne mai laifi, kuma na daɗe da sanin haka. A lokacin ni matashin magini ne mai ji da kansa, a wani gari na ƙasar Buza. Bayan yunwar da fara ta jawo, kumandan, Baturen mulkin yankin, ya ba da oda kowane gari ya gina rumbun tsimi, kowane magidanci ya zuba hatsinsa a ciki. Maigari ya ba ni aikin, ya ce yana son ganin rumbun tsaye kafin gardi, ɗan sandan kumandan, ya dawo daga Madawa.

Mahaifina ya koya mini cewa ƙasar rumbu sai an kwaɓa ta da ciyawa, an bar ta kwanaki ta ruɓa, kuma ba a ɗora sabon gini sai na ƙasa ya bushe. Ni kuwa na yi ta ɗora ɗanye kan ɗanye don a ce ina da sauri. Mafi muni, bangon da na yi na rumbun zangarniya ne, alhali an gaya mini tsaba za a zuba, ita kuwa tsaba tura bango take kamar ruwa. Wanda aka ba tsaron rumbun wani dattijo ne, abokin mahaifina. Bayan an zuba hatsin, ya kira ni gefe ya nuna mini wata tsaga a bangon da yatsa ke shiga, ya ce ɗana a rage hatsin nan. Na shafe tsagar da laka, na ce masa tsaro aka ba shi, ba gini ba.

Ruwan farko na damina, rumbun ya fashe. Geron gari duka ya malala cikin taɓo, ya tsira, ya ruɓe. Da kumandan ya tambaya ta bakin tafinta, tsoro ya kama ni, na ce huda gindin rumbun aka yi, kuma mai tsaro ya san wanda ya yi. Dattijon ya dube ni. Aka ɗaure shi da igiya aka tafi da shi fasa dutsen hanya. Ya dawo bayan damina biyu da tari, ƙafa guda ta shanye, mutane na kiran gidansa gidan ɓarawon tsimi. Ni aka sake ba ginin sabon rumbu. Na gina shi yadda aka koya mini, aka yi ta yabona, ina haɗiye yabon kamar maɗaci.

Ku masu gini, ku tambayi abin da za a zuba kafin ku kwaɓa ƙasa. In an nuna muku tsaga, a sauke hatsi a duba, laka ba ta hana komai.

Sai da na ji labarin ciwo ya kwantar da dattijon na je wurinsa. Na roƙi liman da maigari suka raka ni, na durƙusa a bakin tabarmarsa. Na ce Baba, babu wani ɓarawo, hannuna ya kayar da rumbun, bakina ya kai ka fasa dutse. Ga shaidu, su faɗa a masallaci da kasuwa. Ban kai a yafe mini ba, Baba, amma roƙo na zo yi, ka yafe mini.