Sunan da Na Laƙaba wa Ƙanena

Lokacin da abin ga ya faru ni ne babba a gandunmu bayan rasuwar mahaifinmu, muna noman albasa a fadamar Goronyo. Ina da zafin kai da kaifin baki, in aiki ya tsaya sai na samo wanda zan ɗora wa laifi. Ƙanena mai bi mini bai taɓa kasawa ba, sai wata shekara ya fara tsayawa a hanyar fadama yana dafe tsokar ƙafarsa ta dama, wai ta ɗaure. In ya zauna kaɗan sai ta saki. Wani makon ma lafiya lau. Na ce wanga wane irin ciwo ne da ya san hanyar gona amma bai san gindin bishiya ba? A gaban masu taya mu dashe na laƙaba masa Sarkin Hutu, anka yi ta dariya.

Da ya matsa da kuka, na kira wanzami anka yi masa ƙaho, don a wurinmu ciwon ƙafa mugun jini ne. Ya roƙe ni in kai shi Sakkwato, na ce sai an cire albasa. Innarmu ce ta taɓa ƙafar wata safiya, ta ji ta sanyi ƙalau kamar ruwan randa, yatsun sun fara duhu. Ta tambaye ni mi nake jira, gawa?

A babban asibitin Sakkwato likita ya lanƙwasa gwiwar, ya ɗora yatsana kan ƙafar, na ji bugun jinin ya ɗauke ɗif. Hoton da sunka ɗauka ya nuna wani ɗan ƙullutu cike da ruwa mai yauƙi a cikin bangon jijiyar jini ta bayan gwiwa, yana matse ta. Likitan ya ce ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yakan kumbura ya saɓe, shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya. Sunka yanke wurin, sunka dasa wata jijiya daga jikinsa. Ƙafar ta tsira, amma yatsun da sunka mutu sai cirewa. Likitan ya ce da mun zo da wuri, da ba a kai nan ba. Wallahi kunya ta hana ni duban ƙanena.

Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Ni dai ban yafe wa kaina ba. Jama'a, wanda ya ce ƙafarsa na ɗaurewa in ya yi tafiya, ta saki in ya huta, ku kai shi a duba jijiyar jininsa, kada ku kira shi rago. Yanzu yana ɗingisawa zuwa fadama, har yaran da ba su san mafarin abin ba suna gaishe shi da Sarkin Hutu. Yana amsawa, ina bayansa ina ji.