Ranar da Zare Ya Kashe Gudumar Ketare

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Isiya Guduma makwancinsa a Ketare, amma har gobe in na jiyo kalangu daga nesa sai ƙafata ta fara motsi kafin hankalina ya tuna cewa mai fitowa fagen ba ya nan. Isiya ɗan kawuna ne, taubashina, wato mutumin da al'ada ta ba ni damar tsokana tun muna yara har furfura. Na kuwa ci moriyar damar nan iya ci. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Waɗanda suka taso da kallon damben Turawa a waya, bari in ɗan buɗe muku namu. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare ya yi tauri, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe ake barinsa a gaba, shi ne garkuwa. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da zai miƙe yana dariya. Babu mai ba da maki, kuma ba a tsayawa tambayar me ya kai hannun ƙasa.

Kai, Isiya ya yi dambe! Da zarar an kai amfanin gona gida, mahauta sun fara yawon kaka, sai ka ji ana cewa Guduma zai sauka gari kaza, ranar nan ko mai shayi rufe teburinsa yake yi. Yakan shigo fage a hankali kamar wanda aka aika sayen gishiri. Sai makaɗi ya kama takensa, ya ɗaga hannun nan sama ya yi kururuwa, tsikar jikin kowa ta tashi. Na ga ya kashe ƙato a Pauwa tun mutane ba su gama zama ba. Na ga wani ya kalli naɗin hannunsa kawai ya ce cikinsa na ciwo. Ni da ko ɗan yatsa ban taɓa naɗewa ba, in na dawo gida sai muryata ta dishe kamar ni na yi karon.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ɗansa Nura, wanda ke gyaran waya a kasuwar Ƙanƙara. Shagonsa majalisar musu ce. Kullum samari na can suna auna manyan 'yan damben duniya: wane bai taɓa shan kashi ba har ya yi ritaya, wane ya faɗi amma ya dawo ya karɓe kambunsa, to wa ya fi wani? Rannan musun ya gangaro gida, aka shiga auna mazan jiya na yankinmu. Sai wani ya ce ai magana ta ƙare, Barau na Sabuwa ya fi Guduma, tunda Barau ba a taɓa kashe shi ba, kuma shi ne ya kashe Guduma a Faskari.

Nura ya same ni a gida ko sallama bai gama ba. "Baba, wai da gaske an kashe mahaifina? Mi ya sa ba a taɓa hwaɗa mini ba?" Idonsa ya yi ja. Ya ce yana so ya ɗauki bidiyo ya saka kowa ya gani, a wanke sunan ubansa, domin yanzu abin da waya ta faɗa shi ake riƙewa. Na ce ya zauna ya sha ruwa, labarin ya fi ƙarfin a ba da shi a tsaye.

Ina wurin ranar, da idona na gani. Faskari ta cika ta batse, har kan itatuwa mutane ne. Barau dogo ne, hannunsa na isa inda ba a zato, kuma lokacin tauraronsa na haskawa. Turmin farko suka gwabza babu kisa. Turmi na biyu Isiya ya sakar masa wani naushi da muka ji ƙararsa daga bayan fage, Barau ya yi tangal-tangal ya tsaya da ƙafarsa. Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji zuciyata na bugawa. A turmi na uku ne zaren hannun Barau ya kwance, jelarsa ta sauka tana jan ƙasa a tsakanin ƙafafunsa, shi kuwa bai sani ba.

A wurin mazan wancan lokaci, abin kunya ne ka doki mutumin da zarensa ya kwance. Dattawan fage ke tsayar da wasa a sake naɗi, to amma ƙura ta hana su gani. Isiya ya gani. Maimakon ya ja da baya ya yi kira, sai ya sauke garkuwarsa, ya sunkuya ya ɗauko bakin zaren zai miƙa wa Barau. Yatsunsa suka shafi ƙasa. Mutanen Sabuwa da ke tsaye ta bayan Isiya ba su ga zare ba, Guduma kawai suka gani a duƙe hannu a ƙasa. Ihu ya tashi, makaɗi ya juya kiɗa, kafin ka ce me an ɗaga Barau sama ana zagaya fage da shi.

Namu suka yi caa, wasu har sun fara tattare riguna. Isiya ya shiga gabansu. "Ku tsaya! Hannuna ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?" Aka ce, "Ya taɓa, amma ai..." Ya ce, "To babu amma. An kashe ni. Ku zo mu tahi gida." Haka muka taho, ni ina ta ɓaɓatu a hanya, shi yana cin rake.

Daga ranar na raɗa masa suna Wanda Zare Ya Kashe. Ko a wurin ɗaurin aure na hango shi sai na ɗaga murya na kira shi da shi. Yakan yi dariya ya ce, "Kai da kazar Sallah ma sai an riƙe maka, kai ne za ka yi mini maganar kisa?" Ya ci gaba da dambensa shekaru masu yawa, ya kashe maza ba adadi, amma bai taɓa yarda a ce kisan Faskari ba kisa ba ne.

Nura ya ce maganata ba ta isa ba, za a ce dangi ne. Sai muka kama hanyar Sabuwa, hanyar da yanzu sai mutum ya tambayi lafiyarta kafin ya hau, ga ramuka ga fargaba. Muka sami Malam Barau a ƙofar gida yana ɓare masara, ya tsufa amma tsawon na nan. Da na ce ga ɗan Guduma, sai ya ajiye masarar ya riƙe hannun Nura ya daɗe bai saki ba.

"Kunna wayar taka, yaro," in ji shi. "Ubanka ya sauke garkuwa, ga fuska nan buɗe gabana, saboda zarena. Ana ɗauke da ni ina ihu ban kashe shi ba, kalangu ya hi ƙarhin muryata. Na bi shi har Ketare na ce mu koma gaban dattawa a soke wanga kisa. Ya sa aka kawo mini tuwo, ya ce in ci in koma gida." Sai ya nuna hannunsa na dama. "Tun daga ranar ban sake naɗa zare ba. Ga sirrin da ya sa ba a taɓa kashe ni ba. Ina gona, wa zai kashe ni?"

Nura ya gyara riƙon waya cike da murna. "To Baba, ke nan in hwaɗa wa duniya ba kisa ba ne?" Malam Barau ya girgiza kai. "A'a. Ubanka ya ce kisa ne, gaban jama'a ya hwaɗa. Ni ban isa in kwance abin da ya ɗaura ba, kai ma ba ka isa ba."

A mota muna dawowa na yi ta tunanin me Isiya zai ce da ya ga zamanin nan, da ake auna namiji da cewa takardarsa ba ta da tabo. Na san zai so kallon damben duniya a waya, domin mutum ne mai son ganin hannu mai kyau ko na wane ne. Zai yi wa safar hannunsu dariya, ya ce matashin kai suka ɗaura. Da za a ce masa yanzu ana iya mayar da hoto baya a ga zaren Barau a ƙasa a wanke shi, na rantse cewa zai yi a mayar ɗin, a ƙara ganin yatsunsa a ƙasa da kyau. Ni dai na daina shiga musun wa ya fi wani da ƙirgen faɗuwa kaɗai. Na ga mutumin da ba a taɓa kashewa ba yana hawaye a kan masara, don kewar wanda aka ce ya kashe.

Nura ya fitar da bidiyonsa makon jiya, samarin shagon suka taru a kansa har suna ture juna. Na zaci zai fara da kisan Pauwa ko kirarin ubansa. Sai na ga ya gyara tsayuwa, ya kalli waya ido cikin ido, yana murmushin nan irin na Isiya, ya ce, "Sunana Nura, ɗan Gudumar Ketare. An kashe mahaifina sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ku matso ku ji yadda aka yi."

Na yi dariya har hawaye suka zubo mini. Taubashina, Wanda Zare Ya Kashe, sunan da na raɗa maka don in ba ka haushi, yau ɗanka ne ke kirari da shi a tsakiyar kasuwa.