Murjanin da Uwar Kwalabe Ta Gani da Rai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Malamarmu, wadda mu 'yan ɗakin bincike muke tsokana da suna Uwar Kwalabe.

Malama, kin ƙarar da ƙuruciyarki wajen tantance murjani mai laushi, halittar nan ta ƙasan teku da na ɗauka ciyawa ce ranar da na fara zuwa wurinki ɗalibta. Masu nutso su kawo, ki adana a kwalba, ki yanki 'yar tsoka ki narkar har ƙananan ƙayoyin jikinsa su rage. Su kike dubawa a madubin ƙara girma kafin ki ce jinsi kaza ne. In ɗalibi ya yi azarɓaɓin faɗin suna daga ganin launi, sai ki zare tabarau ki ce, "Kai, a riga kake gane ɗan gidan wa ne?" Mu kwashe da dariya, ke kuwa ki ja masa kujera ku sake dubawa tare.

Abin da mutane ba su sani ba, tsoron ruwa gare ki. Ko kwalekwale ba kya shiga. Duk murjanin da ya iso hannunki ya riga ya mutu, ya koɗe. Kin sha ce mini, "Ɗana, hoto dai hoto ne. Ina so in ga ɗaya yana motsi kafin in tafi."

Da ciwo ya kwantar da ke, na roƙi wani mai nutso ya samo mini guda da rai. Na kawo shi ɗakinki cikin akwatin gilashi da ruwan teku, amma wahalar hanya ta sa ya dunƙule kamar tsumma. Wallahi hankalina ya tashi, don likita ya riga ya gaya mana lokaci ya ƙure. Kika ce, "Ƙyale baƙo ya huta mana."

Can sai ya soma buɗewa, 'yan hannuwansa suna kaɗawa. Kika daɗe kina kallo, hawaye na bin kuncinki. Na tambaye ki ko in ɗauko kwalba mu tantance shi. Kika girgiza kai.

"A'a. Wannan ka mayar da shi gidansu."

Na mayar, Malama. Ina kan hanyar dawowa 'yarki ta kira ni tana kuka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. 'Ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu ma da kika yi rainonmu a gaban madubi, marayu muka zama.