Ƙafar da Na Sa Aka Yanke

Kafin in lalace, ni ɗan kamasho ne a tashar mota ta Gwarzo. Ina kiran fasinjan Kano, ina ɗaure kaya, abin da nake samu yana isar mu ni da matata. Ba zan faɗi sunana ba, 'ya'yana sun sha kunyarsa ta ishe su.

Wata ranar kasuwa madubin wata mota ya bugi gwiwar hannuna. Ko jini bai fito ba. Amma mai motar baƙo ne, yana tsoron a kai shi gaban 'yan sanda, sai ya danƙa mini abin da ban saba riƙewa ba. Na koma gida ina dariya. Daga nan na fara gitta wa motoci da gangan a inda suke rage gudu, in faɗi in yi ta birgima kamar jaki a toka. Da direbobi suka gane ni, sai na ɗinka babbar riga, na zama mai tsaya wa waɗanda mota ta buge, in karɓo musu diyya in cire kasona. In aka yi haɗari tsakanin Gwarzo da Kabo, ina riga 'yan uwan mutum isa. Ungulu ma ta fi ni mutunci, ita tana jira a mutu.

Abin da ke ci mini rai shi ne doka ta yi wa ƙaramin rauni iyaka. Na ji alƙali ya faɗa da bakinsa: ƙujewa da targaɗe da kumburi, kuɗin magani ne da ɗan abin da ba ya wuce ƙa'ida, ko mutum zai cika kotu da ihu. Karaya da nakasa su ne masu diyya mai nauyi. Mai hankali in ya ji haka sai ya gode wa Allah da lafiyarsa. Ni kuwa sai na shiga neman hanyar mayar da ƙaramin ciwo babba. Na haɗa kai da wani mai kemis, wulaƙantacce irina, wanda ya iya ɗaurin siminti irin na asibiti.

Ana haka wata a-kori-kura ta goge Malam Iliya, wani dattijon manomi daga Dugabau, yana kan kekensa. Fatar ƙwaurinsa ce kawai ta saluɓe. Direban, Sale, ya tsaya, ya ba da haƙuri, ya ce zai biya magani. Malam Iliya har ya ce ya yafe. Sai na ja shi gefe.

Na ce, “Baba, haƙƙinka za ka bari? Ka ce ƙashi ya karye, sauran aikina ne.”

Ya ce, “Ɗana, ai ina takawa.”

Na ce, “Yanzu ne kake takawa. In ƙafar ta tashi da damina, wa zai yi maka noma?”

Na yi ta tsorata shi har ya yarda. Muka kai shi ɗakin bayan kemis, aka ɗaure ƙafar da siminti a kan ɗanyen ciwo. Na shigar da ƙara. Sale ya jingine motarsa yana zaryar kotu, ni kuwa ina cin tsire da abin da nake tatsa a hannunsa da sunan sulhu.

Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Matar Malam Iliya, Inna Hajara, ta zo har tasha ta same ni. Ta ce, “Ƙafar nan tana wari, zazzaɓi ba ya sauka. Don Allah a kwance.” Na ce mata in aka kwance kafin alƙali ya gani, su ma ɗaure su za a yi. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. Ta tafi tana share ido, na ci gaba da hirata.

Ranar zama sai a kan tabarma aka shigo da Malam Iliya. Alƙali ya toshe hanci, ya ce a kai shi asibiti nan take. Hoto ya nuna ƙashi lafiya ƙalau, naman ne ya ruɓe. Aka yanke ƙafar ƙasan gwiwa. Mai kemis ya gudu. Ni aka kama, Sale ya fita da gaskiyarsa.

A gidan yari a Kano, ɓarayin shanu ma ƙyamata suke yi. Wani ya ce mini, “Mu dabba muke sata, kai kuwa ƙafar tsoho ka ci.” Waɗanda ke kirana Alhaji a tasha don in saya musu shayi, ko ɗaya bai leƙo ni ba. Ban ga laifinsu ba, ni na tara irina.

Da na fito, na tuba ga Allah, na tafi Dugabau. Na tarar da Malam Iliya a zaure yana ɓare gyaɗa, sandunansa a jingine. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, “Nima da kwaɗayina, wannan tsakanina da Ubangijina. Na yafe maka don ina son a yafe mini. Amma ka tashi, kada Hajara ta fito ta gan ka.”

Yanzu dako nake yi a kasuwa. Ku samari, in mota ta taɓa ku, ku je asibiti a wanke ciwon, ku karɓi abin da doka ta ba ku ko da bai taka kara ya karya ba. In kuka ga wani mai babbar riga ya ja ku gefe yana rantsuwa zai ƙwato muku haƙƙi, ku tofa masa yawu ku wuce. Na san abin da ke cikin rigar nan, ni na sa ta.