Motar Belel Ta Cika

A tashar Mubi wata doguwar mata ta kafe gaban talabijin ɗin mai kaset, ɗankwali a karkace, ƙafa sai rawa take kamar tana taka keken ɗinki. Fim ɗin barkwanci ne: Hajiya mai teɓa da 'yar aikinta sun ranta a na kare, suna zagin juna. Kowa na dariya ban da ita. Daga gani ita ma ta yi gudun nan da wata, shekarar da Boko Haram suka shigo gari.

"Iya, motar Belel ta cika fa," in ji ɗan kamasho.

Ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta dafa teburin mai kaset.

"Ɗana, tura gaba mana. Su biyun duka sun tsira?"