Madam Emilia da Waƙar Citta

Kowace safiya Madam Emilia Azariya takan dafa ruwan citta ta sha da zafinsa, saboda maƙogwaro. Sai ta ɗauki jakarta mai ƙurar alli, ta tsallaka layin dogo a ƙafa zuwa makaranta. Ba ta hawa acaba, duk da cewa rabin masu acabar unguwar sun taɓa zama a ajinta. Suna wucewa suna ɗaga murya, "Bonjour, Madam!" Takan amsa ba tare da ta tsaya ba. Wanda ya furta ba daidai ba, sai ya maimaita kafin ya kai kwana.

Ta fi shekara talatin tana koyar da Faransanci a wata sakandare ta mishan a Kafanchan. A ƙarshen wannan zango za ta yi ritaya. Ita kaɗai ce malamar darasin, kuma firinsifal, Mista Martins, ya faɗa wa iyaye gaskiya: idan ba a sami wanda zai karɓi ajin kafin Janairu ba, za a cire Faransanci daga makarantar. Ba mugunta ba ce. Ya yi cigiya har Kaduna, babu wanda ya zo.

Ni ɗalibinta ne na dā. Na yi karatun injiniyan ruwa a Faransa, na daɗe, na dawo bara. Na dawo da tambaya guda da nake so in yi mata.

A Faransanci akwai wata sigar aikatau da ake kira imparfait du subjonctif. Da ita ake faɗin abin da aka so, ko aka ji tsoro, ko ya zama dole a lokacin da ya wuce, kamar mu ce "na so a ce ka yi magana." Kalmar parler, wato yin magana, takan koma haka: que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât, que nous parlassions, que vous parlassiez, qu'ils parlassent. Ni, kai, shi, mu, ku, su. Duk wanda ya bi ta hannun Madam ya san wannan kamar Addu'ar Ubangiji.

Abin da ba mu sani ba shi ne, Faransawa sun daina magana da ita. Tana cikin littattafai, ba ta kan titi. Makona na farko a can na yi amfani da ita wajen matar da ta ba ni hayar ɗaki. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce rabon da ta ji wannan tun kakanta yana da rai. Tun ranar nake mamaki. Madam ta sani? In ta sani, me ya sa ta sa yaran Kafanchan suna rera abin da masu shi suka ajiye?

Na fara da Mama Regina, 'yar kasuwar citta. Iyayenta ma'aikatan jirgin ƙasa ne daga gabas, a nan aka haife ta, kuma a filin bayan shagonta Madam take koyar da yara kowace Asabar.

"Kai ba ka san tarihi ba," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Lokacin da Madam ya zo sabo, da an fara tonon citta aji ya zama wayam. Yara duk suna nan wurina suna tsagawa. Wasu malamai suna zuwa da bulala. Shi kuwa ya zo da wuƙa."

Haka abin ya faro. Daga Nuwamba zuwa Janairu, duk gidan da ya noma citta yana bukatar hannu. Sai an tsaga kowace saiwa biyu a tsaye, a shanya ta a rana, kafin ta shiga buhu. Yaro ba zai bar wannan don Faransanci ba, uwarsa ma ba za ta bar shi ba. Madam ba ta yi gardama da kowa ba. Ta nemi kujera 'yar tsugunno, ta zauna a bakin tulin citta, ta tsaga nata. Ta lura matan suna aiki da waƙa irin ta gayya, ɗaya ta bayar, saura su amsa. Sai ta karɓi bayarwar. Ta ce "que je," yara su ce "parlasse," wuƙa ta sauka. "Que tu," "parlasses," wata saiwar. Yara suka sa masa suna waƙar citta. Mama Regina ta rantse ranar da Madam ta zo an fi cika buhu, shi ya sa ba ta taɓa korar ta ba.

Na sami Madam a filin ran wata Asabar. Na durƙusa na gaishe ta, na yi tambayata.

"Ka zo tambaya ne ko ka zo taya ni?" Ta miƙo mini wuƙa. "Zauna, Bature."

Na zauna. Na ce, "Madam, kin san ba sa magana da shi a can?"

"Tun kafin a haife ka."

"Jarrabawa ma da wuya ta tambaya."

"Na sani."

"To, don me?"

Ta tsaga uku kafin ta amsa. "Na gwada sauran. Ba sa tafiya da wuƙa. Wannan kuwa saurara: parlasse. Ka ji? Kamar yanka." Matan suka yi dariya. Ta ce, "Na biyu, shi ne mafi wuya a littafin. Yaron da ya iya shi hannunsa na aiki, ba ya ƙara jin tsoron komai a Faransanci. Da ka isa can, ka ji tsoron buɗe baki?"

"A'a."

"Sun yi maka dariya?"

"Sosai."

"Ka mutu?"

Ban mutu ba. Na kuma tuna cewa a ɗakin karatun jami'a, tsofaffin littattafan da wasu baƙi ke rufewa a shafi na biyu ni ina wucewa. Ban taɓa danganta wannan da citta ba sai ranar.

Madam, ke ce malamar da ba ta jira aji ya cika ba, kika bi shi inda ya tafi. Ba ki taɓa taka ƙasar Faransa ba. Mafi nisan tafiyarki Lome, da mota. Amma ɗalibanki suna ciniki a Kwatano da Yamai, ba mai yi musu tafinta.

A gefen Madam ranar akwai Ƙauna, tsohuwar ɗalibarta, wadda ta karanta Faransanci a kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Yanzu tafinta take yi wa masu sayen citta da ke zuwa daga ƙetare, kuma wani daga cikinsu ya yi mata tayin aiki a Legas. Kowa a filin ya san ita kaɗai ce za ta iya karɓar ajin. Kowa ya yi mata magana: Mista Martins, fasto, zumuntar mata. Madam kaɗai ba ta taɓa ce mata komai ba.

"Abeg, Mama, ku daina kallona," in ji Ƙauna ga Mama Regina. "Ni ba zan tsufa da alli a gashi ba."

"Wa ya kalle ki? Citta nake kallo. Kina tsagawa kamar mai fushi da shi."

Na tambayi Madam daga baya me ya hana ta roƙon yarinyar. Ta ce, "Wanda aka tura gona, rabin kunya yake yi ya gudu."

Asabar ta ƙarshe kafin hutu filin ya cika. Ɗalibai, iyaye, masu acaba da suka jingine babura a bakin hanya. Likita ya daɗe da hana Madam ɗaga murya, ba ta ji ba. Ta fara da parler, aka amsa. Ta shiga finir, gamawa: "que je," "finisse," "que tu," "finisses." Da ta zo kan "que nous," muryar ta ƙi fita. Ta yi tari, ta sake gwadawa. Iska kawai.

A waƙar gayya in mai bayarwa ya yi shiru, aiki ya tsaya. Wuƙaƙe suka tsaya a sama. Babu wanda ya san inda zai kalla. Ni na san abin da ke biye, da yawanmu mun sani, amma amsawa muka iya, ba bayarwa ba.

"Que nous," in ji Ƙauna, kanta a ƙasa.

"Finissions!"

Ta kai shi ƙarshe. Ta ɗauko venir, zuwa, wanda ke karya harshen kowa, ta kai shi ƙarshe shi ma. Madam ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsaga cittarta, tana amsawa da leɓe tare da yara.

Da aka tashi, Ƙauna ta zo ta tsaya a kanta. "Madam, zango ɗaya kawai zan gwada. Ɗaya. Bayan Ista na tafi Legas."

Madam ta goge wuƙarta a zane, ta miƙa mata ta ƙota. Da muryar da ta rage mata ta ce, "Ni ma haka na ce da na zo."

Ran Litinin Mista Martins ya bar Faransanci a jadawalin Janairu. Ko Ƙauna za ta wuce Ista, ban sani ba. Ba na yi wa kowa alkawari a madadinta.

Madam Emilia, mai wuƙa da alli, mun gode. Ubangiji ya hutar da maƙogwaronki, ya ba ki tsawon rai ki ji abin da kika shuka ana rera shi ba da bakinki ba. Ku kuma malamai da kuke kukan yara ba sa zuwa aji, ku bincika inda suke, ku je ku zauna. Mu da muka yi karatu muka dawo muna gyara wa mutane magana, citta ba ta ƙare ba tukuna. Ana farawa da hantsi a bayan shagon Mama Regina. Kowa ya zo da wuƙarsa.